Inda Ya Kamata A Kafa Mabuɗin Zane

Jama'ar kwaleji, malamai da ɗalibai, duk wanda ya taɓa koyar da labarin ƙasa ya san ɗan akwatin nan da a kan zana a gefen taswira, inda a ke nuna cewa shuɗin layi kogi ne, baƙin layi mai 'yan gaɓoɓi hanyar jirgin ƙasa ce, babban ɗigo kuwa gari ne. Shi mu ke kira mabuɗi, gama in babu shi taswira a kulle ta ke. Zanen ƙididdiga ma haka ne. In an ja layi biyu ko uku a zane ɗaya, dole a sami wurin da za a gaya wa mai karatu wane layi ne na wane abu. Magana a kan wurin nan na ke so in yi, domin a kowace shekara, in lokacin duba littattafan bincike na masu fita ya zo, sai in ga ɗalibi ya sha wahala ya tara alƙaluma, ya zana su da kyau, amma mabuɗi ya zauna daram a kan ainihin abin da a ke so a gani. Wani kuma ya tura shi gefe, da aka zo bugawa takarda ta yanke rabinsa. Mai duba aiki ba zai tambayi yawan daren da aka raba ana aikin ba, abin da ke gaban idonsa shi zai ba maki.

A da da fensir da rula da takarda mai gida-gida mu ke zane, kowa ya ga fili sai ya sa mabuɗinsa. Yanzu yawancin masu karatun lissafi da kimiyya da labarin ƙasa kwamfuta su ke sa wa ta zana musu, da yawa kuma suna aiki da wata taskar umarnin zane da a ke kira Matplotlib, wadda ke cikin harshen kwamfuta na Python. Wani masanin ƙwaƙwalwa ne a Amurka, John Hunter, ya fara rubuta ta, sa'ad da ya ke binciken masu farfaɗiya a Shikago, ya fitar da ita a 2003. Ya rasu a 2012, amma waɗansu sun ci gaba da aikin, kuma har yanzu kyauta ce, ba a biyan ko kwabo. Ita kwamfuta ba ta da ido irin namu. In kana so ta ajiye abu a wani wuri, sai ka gaya mata wurin, ko da suna ko da lamba.

Bari mu ɗauki misalin da kowa ya sani a jikinsa, watau yanayin garin nan namu na Minna. A ce an ce ka zana ruwan saman kowane wata da zafin rana na kowane wata a zane ɗaya, irin wanda a ke sa wa a littattafan labarin ƙasa. Watanni goma sha biyu suna jere a ƙasa, daga Janairu a hagu zuwa Disamba a dama. Ruwa a ginshiƙai, ma'auninsa na milimita a gefen hagu. Zafi a layi, ma'auninsa na digiri a gefen dama. Ko ba ka ga alƙaluman ma'aikatan yanayi ba ka san siffar da zai fito da ita. Daga Nuwamba zuwa Maris ginshiƙan ruwa a kwance su ke, kusan babu kome. A Afrilu su fara ɗagowa, su yi ta hawa har su kai ƙololuwa a Agusta da Satumba, lokacin marka, sa'an nan su faɗo a Oktoba. Layin zafi kuwa akasin haka ya ke yi: ya hau can sama a Maris, sa'ad da ko barci a ɗaki ba ya yiwuwa, ya gangaro tsakiyar damina, ya ɗan sāke ɗagowa bayan ɗaukewar ruwa. To, kun ga saman hagu na zafin Maris ne, saman dama kuma, ko kusa da shi, na ruwan Satumba ne. Ina mabuɗi zai zauna?

Matplotlib ta tanadi wurare tara masu suna: kusurwa huɗu, tsakiyar kowane gefe huɗu, da tsakiyar zanen. Da Turanci a ke rubuta mata su, kamar haka:

ax.legend(loc="upper left")

Watau a sa mabuɗi a sama ta hagu. Shi ax ɗin nan sunan filin zanen ne, legend kuwa shi ne mabuɗi. In ba ka faɗi kome ba, sai ta yi aiki da wata kalma, best, ma'ana ta zaɓa da kanta. Yadda ta ke zaɓa kuwa ba wani sihiri ba ne. Ta kan gwada wuraren nan ɗaya bayan ɗaya, tana farawa daga sama ta dama, ta ƙirga yawan ɗigo da layi da ginshiƙi da akwatin zai taka a kowane wuri, ta ɗauki wanda ya fi ƙarancin ta'adi. A zane mai sauƙi wannan ya isa, ba ni da ta cewa.

Amma a zanenmu na Minna ga inda gizo ke saƙa. Don ruwa da zafi ba ma'auninsu ɗaya ba, kwamfuta fili biyu ta ke yi, ta ɗora ɗaya bisa ɗaya kamar gilashi biyu, da umarnin da a ke kira twinx. Mu da ido zane ɗaya mu ke gani, ita kuwa biyu ta sani, kuma in za ta zaɓa wa mabuɗi wuri, abin da ke cikin filin da ka kira kaɗai ta ke dubawa. In filin ruwa ka kira, sai ta ga saman hagu fayau, babu ginshiƙi ko ɗaya, ta ɗora akwati a kan zafin Maris. In filin zafi ka kira, sai ta ga saman dama babu layi, ta ɗora shi can, in kuwa sunayen da ke ciki suna da ɗan tsawo, sai ya rufe kan ginshiƙin Satumba, wani lokaci har da na Agusta. An gudu ba a tsira ba ke nan. Mai karatu ya zo neman watan da ruwa ya fi yawa, abin da duk manomin doya daga Paiko har Kuta zai fara tambaya, shi ne kuma aka rufe masa. Saboda haka dole mutum ya karɓi linzami a hannunsa, ya faɗi wurin da lamba.

Faɗin wuri da lamba biyu ba baƙon abu ba ne gare mu. In aka ce Minna tana wajen digiri 9 da minti 37 arewa da layin da ya raba duniya biyu, da wajen digiri 6 da minti 33 gabas da layin Girinwic, matuƙin jirgin sama daga ko'ina zai same ta. Dabarar sa wannan a lissafi a kan jingina ta ga Bafaranshen nan Rene Dekart, wanda littafinsa na ilmin siffofi ya fito a 1637, shi ya sa har yau a ke kiran tsarin da sunansa. Amma ku lura da abu biyu. A taswira arewa a kan fara faɗa, sa'an nan gabas, a zane kuwa na kwance a ke fara faɗa, sa'an nan na tsaye. Na biyu, ƙirga daga kusurwar ƙasa ta hagu ya ke farawa, ya tafi dama, ya hau sama. Mu da muka fara da allon makarantar Alƙur'ani hannunmu ya saba da somawa daga sama ta dama, boko ya zo ya mai da mu sama ta hagu, ga shi nan kuma an ce ƙasa ta hagu. Sai a yi haƙuri a riƙe.

Yanzu ga gundarin maganar. Lamba biyu ba su da ma'ana sai an san da wane ma'auni aka auna su, Matplotlib kuwa ma'auni uku gare ta da su ka shafe mu. Ku dubi bangon ajinku na gaba. Akwai bangon kansa, daga kusurwa zuwa kusurwa. Akwai allo da ke manne a jikinsa, wanda bai cika bangon ba, ya bar fili sama da ƙasa da gefe-gefe. Akwai kuma abin da malami ya zana da alli a kan allon, watanni da milimita. Bango shi ne takardar hoton gaba ɗaya, wadda a kan sa wa suna fig. Allo shi ne filin zane mai kewaye da layi huɗu, watau ax. Rubutun alli shi ne alƙalumanka. Kowane ɗaya da ma'auninsa.

Ma'aunin allo shi ne wanda mabuɗi ke bi in ba a ce masa wani abu dabam ba, kuma ba ruwansa da inci ko milimita ko wata. Faɗin allo duka ɗaya ne, tsayinsa duka ɗaya ne. Kusurwar ƙasa ta hagu 0 da 0 ce, ta sama ta dama 1 da 1, tsakiya 0.5 da 0.5. Rubu'in faɗi 0.25, ushurinsa 0.1. Ko ruwan da ka zana ya kai milimita 350, ko kuwa kuɗin kasafin jiha ne na biliyoyin naira, tsakiyar allo tana nan 0.5. Amfanin wannan shi ne in alƙaluma sun sāke baɗi, mabuɗi yana nan inda ka bar shi.

In kana so ka san inda wani wata ya faɗo a ma'aunin allo, lissafin ɗan firamare ne. A ce ka tsai da layin ƙasa daga 0 zuwa 13, don Janairu da Disamba su sami ɗan fili a gefe. Maris wata na 3 ne, 3 bisa 13 kuwa wajen 0.23 ne. Agusta 8 bisa 13, wajen 0.62. Satumba 9 bisa 13, wajen 0.69. To, ka san daga wajen 0.58 zuwa 0.72 a sama haramun ne, kamar yadda kewayen 0.23 ya ke haramun. Abin da ya rage a sama ɗan tsakani ne a kan Mayu da Yuni, shi ma layin zafi yana ratsa shi yana gangarowa.

Hanya mafi sauƙi ta ba da lamba ita ce a sa ta a madadin sunan wuri:

ax.legend(loc=(0.03, 0.30))

A nan kusurwar ƙasa ta hagu ta akwatin ce za ta zauna a wurin da aka faɗa, akwatin ya miƙe dama, ya miƙe sama. Wannan wurin, a kan watannin rani, bisa gajerun ginshiƙai, ƙarƙashin layin zafi, sau da yawa a kan same shi a sake a zanen Minna. Kuskuren da na fi gani a nan shi ne ɗalibi ya ɗauka lambobin alli a ke nufi. Yana so mabuɗi ya zauna kusa da Satumba a milimita 250, sai ya rubuta 9 da 250. Kwamfuta kuwa ta ji faɗin allo sau 9, tsayin allo sau 250. Tun da ya ke allon da ta saba yi tsayinsa wajen inci 3.7 ne, sai ta kai mabuɗin sama da inci 900, watau ya haura ƙafa 75, kamar a ce an rataye shi a kan bene mai hawa bakwai. Ba ta kuwa yi ƙorafi ba, gama abin da aka ce ta yi ta yi. Sai ɗalibi ya zo ya ce, "Malam, mabuɗina ya ɓace." Bai ɓace ba, yana can sama.

Sauran hanyar da ta fi kowace amfani, wadda kuma ta fi rikita mutane. Kalma biyu ke aiki tare a cikinta, loc da bbox_to_anchor. Ku ɗauka mabuɗi ɗan kwali ne mai kusurwa huɗu da za a kafa da ƙusa. Tambaya biyu ce. Ta fari, a ina za a buga ƙusar? Wannan bbox_to_anchor ke amsawa, da lamba biyu a ma'aunin allo. Ta biyu, ta wane sashe na kwalin ƙusar za ta huda? Wannan loc ke amsawa. Da zarar an kawo bbox_to_anchor mai lamba biyu, loc ya daina nufin wuri a kan allo, ya koma nufin wuri a jikin kwalin. Ga misali:

ax.legend(loc="upper left", bbox_to_anchor=(1.02, 1))

Mai karanta wannan da gaggawa zai zaci mabuɗi zai fito a sama ta hagu. Ina! Can dama zai fito, a wajen allo ma. Ƙusa tana 1.02 a kwance, watau ta wuce bakin allo na dama da kaɗan, tana kuma 1 a tsaye, daidai da bakin sama. An huda kwalin ta kusurwarsa ta sama ta hagu, saboda haka jikinsa duka ya zubo dama da ƙasa da ƙusar, bai taɓa zane ba. In ka bar ƙusar a wurin, ka sāke loc ya zama upper right, sai kwalin ya juyo hagu, ya shigo cikin allo ya rufe Disamba da Nuwamba. Ƙusa ba ta motsa ba, kwali ne ya juya. In kuma ka faɗi wurin ƙusa ka manta da loc, sai kwamfuta ta koma ga zaɓinta na best, ta huda kwalin ta inda ta ga dama, yau nan gobe can in alƙaluma sun sāke. Kada ku raba su, in an faɗi ɗaya a faɗi ɗaya.

Masu fita koyon aikin koyarwa, wannan darasi ba ya bukatar wuta. Ranar da aka ɗauke ta, ku yanki murfin kwalin sabulu, ku rubuta 0 da 1 a bakunan allo da alli, ku kira yaro ɗaya ya nuna wurin ƙusa da yatsa, wani ya ɗora kwalin ta kusurwar da aka ce. In ka ce, "Ƙusa a 0.5 da 1, a huda ta tsakiyar ƙasa," ka ga yaro ya ɗaga kwali ya ɗora bisa allo kamar hula, to ya gane. Na ga 'yan aji ɗaya na sakandare sun kama wannan cikin minti goma, suna ta gardama da juna a kan inda 1.2 za ta faɗo. Gani ya kori ji.

Lamba na iya wuce 1, tana kuma iya sauka ƙasa da sifili, shi ne ke fitar da mabuɗi waje. Amma a zanenmu gefen dama ba a sake ya ke ba, gama nan ne lambobin digiri da sunan ma'aunin zafi su ke. Wanda ya sa 1.02 zai rufe su. Sai an matsa zuwa wajen 1.15, zanen kuma ya yi faɗi ba gaira ba dalili. A ganina sama ta fi:

ax2.legend(h, s, loc="lower center", bbox_to_anchor=(0.5, 1.02), ncol=2)

Ƙusa a tsakiya, ɗan sama da bakin allo, an huda kwali ta tsakiyar gindinsa, ncol kuwa ya ce a jera sunayen biyu a sahu ɗaya maimakon ɗaya bisa ɗaya. Su h da s alamomi ne da sunaye da aka tattaro daga filin ruwa da filin zafi aka haɗa, da umarnin get_legend_handles_labels, don in ba a haɗa ba kowane fili nasa kaɗai zai nuna. Na kira ax2, filin da ke bisa, da gangan. Ko da a cikin allo za ka sa mabuɗi, ka ɗora shi a filin sama, in ba haka ba layin zafi zai bi ta kansa ya ratsa rubutun. In zanen yana da kai a sama, sai su yi karo da mabuɗi. Ko dai a ɗaga kan, ko a mai da mabuɗi ƙasa da sunayen watanni, a sa ƙusa a 0.5 da -0.12, a huda ta tsakiyar sama. Ni dai a littafin bincike ban ga amfanin kai a cikin hoto ba, tun da ya ke a kan rubuta lambar zane da bayaninsa a ƙarƙashi.

Yanzu sai maganar yankewa, wadda ta fi kowace cin maki. Allo a jikin bango ya ke, bango kuwa yana da iyaka. Takardar da Matplotlib ta saba yi faɗinta inci 6.4 ne, tsayinta 4.8. Allo ya kan fara daga 0.125 na faɗin bango ya tsaya a 0.9, a tsaye kuma daga 0.11 zuwa 0.88. Ku yi lissafi. Filin da ya rage a dama ushurin 6.4 ne, inci 0.64 kacal. Mabuɗin da ke ɗauke da "Ruwan sama" kaɗai ya wuce inci ɗaya. Saboda haka wanda ya fitar da shi dama, fiye da rabinsa a wajen takarda ya ke. A sama akwai wajen inci 0.58, wanda ya ishi sahu ɗaya. A ƙasa akwai wajen 0.53, sunayen watanni kuma sun riga sun ci yawancinsa. Abin da ke yaudarar mutane shi ne a cikin littafin aiki na Jupyter hoton ya kan fito cikakke a fuskar kwamfuta, don shi yana faɗaɗa takarda da kansa. Sai an adana hoton, an kai shagon buga takardu, an biya kuɗi, an ɗinke littafi, tukuna a ga "Ruwan sa" da "Zafin ra". Maganinsa kalma ɗaya ce wajen adanawa:

fig.savefig("minna.png", bbox_inches="tight")

Wannan ya ce a auna duk abin da aka zana, a yanka takarda daidai da shi. Amma fa girman hoton zai sāke, in kuwa kana da zane biyar da ka ke so su fito kai ɗaya, gara ka rage allon da kanka da subplots_adjust, ka tsai da bakinsa na dama a 0.75, misali, ko ka kunna tsarin constrained tun wajen ƙirƙirar hoton, shi ya matsa allo ya ba mabuɗi wuri. Wanda kuma ya rataye mabuɗinsa a bene mai hawa bakwai, in ya sa tight, ko dai ya sami ƙaton hoto fari fat da ɗan zane a gindinsa, ko kwamfuta ta ƙi. Kowace hanya ka bi, buɗe hoton da ka adana ka duba shi da idonka kafin ka fita da shi.

Ma'aunin bango yana da ranarsa. In zane biyu ko huɗu ne a takarda ɗaya, a ce Minna da Bida da Kontagora da Suleja, duk da ruwa da zafi, mabuɗi ɗaya ya ishe su, kuma na bango ne. Sai a kira fig.legend maimakon ax.legend. Amma a tuna ma'auni ya sāke: yanzu 1 da 1 kusurwar takarda ce, bakin allo na sama kuma, wanda ɗazu 1 ne, ya koma 0.88. Ko tsakiya ma ba ɗaya ba ce. Tsakiyar allo a ma'aunin bango rabin 0.125 da 0.9 ne in an haɗa, watau 0.5125, don haka mabuɗin da aka sa a 0.5 ya kan ɗan karkata hagu. Mai ido zai gani. Har wa yau fig.legend ya kan tattaro alamomin kowane fili da kansa, abin da ke da daɗi a zane ɗaya mai ma'auni biyu, amma a zane huɗu sai ya maimaita sunayen sau huɗu in ba ka miƙa masa h da s da hannunka ba. Tun fitowa ta 3.7, a 2023, an ƙara masa sauƙi: in tsarin constrained yana kunne, ka rubuta outside upper center a loc, ya fita waje ya sami wurinsa ba tare da lamba ba.

Wanda ya nace sai ya yi magana da watanni da milimita, akwai ƙofa. Ya ƙara bbox_transform=ax.transData, sai 9 da 250 su zama Satumba da milimita 250 na gaskiya. Ban cika so ba, gama ranar da aka sāke ma'aunin gefe mabuɗi zai tashi ya bi alƙaluma. Akwai kuma bbox_to_anchor mai lamba huɗu, inda biyun ƙarshe faɗi ne da tsayi. A nan ba ƙusa ka buga ba, ƙaramin allo ka zana, loc kuma ya koma aikinsa na fari a cikin wannan ƙaramin allo. In ka ba shi 0, 1.02, 1, 0.1, ka ƙara mode="expand", mabuɗi zai miƙe daga bakin hagu zuwa bakin dama bisa zanen kamar kan ƙofa. In kuma ka ga ɗan rata tsakanin ƙusa da kwali, ba kuskurenka ba ne, tazara ce ta rabin girman harafi da a ke bari, borderaxespad=0 ke kawar da ita.

Wanda ya riƙe ƙusa da kwali ba zai sha wuya a wani gida ba. A Plotly x da y su ne ƙusa, xanchor da yanchor su ne inda a ke huda kwali. A ggplot2 na harshen R, wanda masu ilmin ƙididdiga su ka fi so, legend.justification ke yin aikin loc. Sunaye ne su ka bambanta.

Wuri mai kyau ba ya gyara mabuɗin da ba ya karantuwa. Yawancin littattafan bincikenmu da baƙin tawada a ke buga su, shuɗi da ja kuwa duk toka-toka su ke fitowa, har mabuɗi ya nuna layi biyu da ba mai iya rarrabe su. Ku sa ɗaya ya zama miƙaƙƙe, ɗaya mai gutsi-gutsi, ɗaya mai ɗigo. Ku jera sunaye yadda layukan su ka jeru a zane, na sama a sama. Na taɓa ganin zane mai ƙananan hukumomi 25 na Jihar Neja, kowace da layinta, mabuɗin ya fi zanen tsawo. Babu lambar da za ta ceci wannan, sai dai a raba shi shiyya uku, ko a mai da shi jadawali. In kuwa layi biyu ne ko uku da ba su cuɗanya ba, ku tambayi kanku ko ana ma bukatar akwatin. William Playfair, mutumin Sikotilan da ya fitar da irin waɗannan zane-zane na layi da ginshiƙi a littafinsa na 1786, a jikin layi ya kan rubuta sunansa, ido bai yi ta kai da kawowa ba. A Matplotlib ax.text ke yin wannan, amma shi da ma'aunin alli ya ke aiki in ba a ce masa wani abu ba. Nan ne 9 da 250 za su sauka daidai a kan Satumba.